Goron da Na Kai Kolokondé

Nasiru, na ji abin da ka faɗa ranar sunan ɗiyar ƙanwarka Rabi. Ka ɗauka na fita masallaci, alhali ina bayan labule ina neman hulata. Ka ce wa abokanka arziki ya zo har ƙofar gidanmu, tsoho ya sa sanda ya kore shi. Suka yi dariya, kai ma ka yi. Ban fito ba sai da suka watse, don ban so in kunyata ka gaban mutane ba, amma tun ranar maganar take tafasa a ƙirjina. Na san ba kai kaɗai kake faɗinta ba. Ƙannenka ma haka suka ji daga bakin baffanku Alasan, haka kuma za ku gaya wa jikokina bayan raina. To ku zauna ku ji yadda aka yi. Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, wato firamare, amma abin da idona ya gani ba zan ƙara masa ba, ba zan rage ba.

Mu ’yan Zugu ne, garin da yanzu kowa ke kira Djougou. Kakanninmu da ayarin goro suka zo a kan hanyar Gwanja, suka sauke kaya, ba su ƙara ɗauka ba. Sana’ar gidanmu saukar da baƙi ce, fatoma ake ce wa mai irin wannan gida. Baƙo ya zo da kayansa, ka ba shi ɗaki, ka ba shi tuwo, ka kai shi kasuwa, ka ce wa mutane wannan nawa ne. Da ka faɗi haka shi ke nan, ba mai ƙara tambayar ɗan wane ne. In ya yi ɓarna kai za a kama. Shi kuma ba ya yi, don ya san in ya ci amanar fatoma ɗaya, labari zai riga shi isa kowane zango, ba zai ƙara samun inda zai shimfiɗa tabarma ba. Haka na ga mahaifina yana yi, haka na ɗauko na kawo Parakou lokacin da na yi gida a unguwar Albarika, ina sayen kaju, wato yazawa, da doya da kaɗanya daga ƙauyuka. Yawancin kayana daga Kolokondé suke zuwa, wani ƙauye a ƙasar Djougou, daga gidan Baba Zakari. Manoma ne, ’yan ƙabilar Yom, tun kakansa da kakana ake tare. In sun shigo Djougou a gidanmu suke kwana, in mun je can ba ma tafiya da guzuri.

Kun san halina, ba sai na faɗa ba. Ni ne mutumin da yake kulle shago ya kai bakin hanya, ya koma ya taɓa kwaɗon. Mahaifiyarku Hajara takan ce ko ruwa zan sha sai na leƙa ƙasan kofi. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce garaje na yi. Ban taɓa yin garaje a rayuwata ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Alasan ne ya kawo baƙon, a shekarar da Hajara ta yi fama da ciwon gwiwa. Mutumin wata ƙasa ne can bayan teku, wakilin wani kamfani mai sarrafa kaju. Sunansa ya gagari bakinku, kuka sa masa Mushe Kaju, shi ma ya riƙa amsawa. A otal yake kwana, amma abincin rana a gidana yake ci, buhunan da yake gwadawa kuma a zaurena suke. A wurina wanda ya ci tuwona ya ajiye kaya a zaurena baƙona ne, ko ina yake kwana. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da fara’a. Yakan tuɓe takalmi a ƙofa, ya tambayi gwiwar Hajara, har magani ya taɓa kawo mata. Wata rana muna cin sakwara da miyar wagashi, cukun nan na Fulani, na tambaye shi da ɗan Faransancina abin da ya daɗe yana damuna.

“Mushe, duniya da faɗi. Ga Najeriya nan kusa, mutane ba iyaka. Me kuka gani a ’yar ƙasar nan tamu, da yatsa ɗaya yake rufe ta a taswira?”

Ya yi dariya, ya goge hannu, ya ce ai ƙanƙantar ce kyanta. Ya ce a Benin mutum yakan loda kamyo, babbar motar kaya, a arewa ya san zai isa Kwatano, ga gudoro, hanya mai kwalta, ga tashar jirgin ruwa tana jira. Ya ce takardar buɗe kamfani da a wasu ƙasashe sai ka tsufa kana bin ta, a nan ta waya ake gama ta. Ya ce kuɗinmu, sefa, ba ta narkewa a aljihu kafin gari ya waye, kuma in ka samu riba ba a hana ka kai ta gida. Ya ce ƙasarmu kamar zaure take, ƙofa ɗaya ta kalli Najeriya, ɗaya Nijar, ɗaya Burkina. Gwamnati kuma ta gaji da ganin kaju yana fita ɗanye, saboda haka duk wanda zai gina masana’anta ana sassauta masa haraji.

“Sannan kuma,” in ji shi, “mutanenku ba su da wahala.”

Alasan ya buga cinya.

“Ka ji ko, Yaya? Kai kana nan kana taɓa kwaɗo, ƙasa ta wuce ka. Yanzu duniya ce take zuwa wajenmu.”

Hajara ta ɗago murya daga madafa.

“To ku ce wa duniyar ta ci wagashinta kafin ya huce.”

Muka yi dariya duka. Na ji daɗi a ranar, wallahi na ji. Duk abin da ya lissafa gaskiya ne, har yau ban ƙaryata ko ɗaya ba. Na ga gudoron da idona, na ga samarin da da suke zaune a bakin hanya suna shiga aiki da safe. Maganarsa ta ƙarshe ma yabo na ɗauke ta.

Abin da yake nema fili ne a wajen Kolokondé, su dasa kaju, su gina magaza ta tara kaya. A can ba a sayar da ƙasa, aro ake bayarwa. Mai nema yakan zo da wanda aka sani, a kai goro gaban dattawa, in sun karɓa sun ci, an ba ka ka noma. Amma aron ƙasa bai haɗa da itace ba. Kaɗanya da ɗorawar da suke cikin fili na mata ne. Su suke tsintar ’ya’yan da damina, su dafa, su shanya, su yi man kaɗe da daddawa. Da shi suke sa yara lakwal, da shi suke sayen magani, da shi mace take riƙe kanta ranar da rumbun miji ya ƙare. Ko mai gonar ba ya sa wa kaɗanya gatari. Yaro mai tallar ruwa ma ya san wannan. Duk da haka na zaunar da Mushe na yi masa bayani tiryan-tiryan. Washegari na maimaita. Ranar tafiya, a cikin mota, na sake. Har Alasan ya ce in bar mutum ya numfasa. Mushe ya dafa kafaɗata, ya ce ya gane sarai, shi mai girmama al’ada ne. Ya gane, kada wani ya ce muku harshe ne ya raba mu.

Ni na zaɓi goron da hannuna, fari, ƙwarya guda, na yayyafa masa ruwa na rufe da ganye. Ni na durƙusa na ajiye shi gaban Baba Zakari. Mushe yana gefe yana ta ɗaukar hoto. Kafin a taɓa goron, Inna Adiza, yayar Baba Zakari, wadda ita ce babbar matan da suke tsintar kaɗanya, ta matso da sandarta ta yi mini magana da harshen Dendi.

“Garba, baƙon naka ya san itacen nan ba na maza ba ne?”

“Ya sani, Inna.”

“Ba shi nake tambaya ba. Ban san uwarsa ba, ban san garinsu ba. Kai nake tambaya.”

“Nawa ne, Inna. A zaurena kayansa suke.”

Ta dube ni, ta ɗauki goro ɗaya, ta ɓare, ta ci. Sai sauran suka sa hannu.

Bayan wannan ne aka ɗauke ka aiki a magazarsu ta Parakou, Nasiru. Na tuna rigar da suka ba ka mai suna a ƙirji, na tuna yadda mahaifiyarka ta goge ta har sau biyu. Ina sane da abin da aikin nan yake a wurinka, kada ka ɗauka ban sani ba.

Da rani ya yi, wani mai kawo mini doya ya sauke kaya ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa. Na matsa masa, ya ce in je Kolokondé in gani. Na hau mota zuwa Djougou, na ɗauki moto, wato babur, na bi hanyar daji. Tun kafin in isa na rasa inda nake, don itacen da nake gane hanya da su babu su. Katafila ce ta bi filin, ta tumɓuke kaɗanya da saiwoyinsu, ta tara su gefe kamar shara. Itacen da kakana ya sha inuwarsu. Fili ya yi fayau, an ja igiya, an jera ramuka a miƙe. Inna Adiza tana zaune a kan wani gungume, mata na tsaye bayanta, ba mai kuka, ba mai zagi. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa a gabanta.

“Ɗan fatoma,” in ji ta, “ka zo ganin gonar baƙonka?”

“Inna, wallahi na gaya masa.”

“Na yarda ka gaya masa. Mu kuma kai ka gaya mana. Goronka mun riga mun ci, ba ya dawowa. Amma daga yau, ko a kan gawa ka miƙo mana goro, ba mai karɓa.”

Daga can ban biya gida ba, otal na nufa. Mushe ya tare ni da fara’arsa, ya sa a kawo mini lemo. Da na faɗa masa, sai ya yi fuskar tausayi. Ya ce shi ma bai ji daɗi ba, amma taswirar gonar daga can ƙasarsu aka zano ta, layuka dole su miƙe don tarakta ta wuce. Ya ce izinin filin na gaskiya daga hukuma ya fito, da hatimi, an kuma ware diyya. Ranar goro kuwa, in ji shi, rana ce mai kyau ƙwarai, hotunan har an sa su a bangon ofishinsu.

“Ba ni na sare ba, Mushe Garba. Kamfani ne.”

“To kai ni wajen kamfanin. Ina gidansa? Wane ne babansa?”

Ya yi murmushi, ya ce masu shi suna da yawa, suna ƙasashe daban-daban, shi kansa bai taɓa ganin fuskarsu ba.

A nan ne na gane. Na tsaya wa abin da ba shi da fuska. Na ce nawa ne a kan abin da ba ya jin kunya, ba ya neman masauki gobe, ba wani zango da za a rufe masa. Duk dabarar gidanmu a kan mutum aka gina ta, mai suna, mai uwa, mai tsoron a nuna shi da baki. Wannan kuwa ya ci sakwarata da bakin wakilinsa, ya ari sunana ya buɗe ƙofa, da ƙofar ta buɗu sai ya fito da hatimi. Sai a lokacin na ji maganar nan da kyau: mutanenku ba su da wahala. Wato cikin abubuwan da suka jawo su, bayan gudoro da jirgin ruwa da sefa, har da mu. Mutanen da ake shiga ƙasarsu da ƙwaryar goro, saboda wani wawa mai furfura ya ce nawa ne.

Na je wani ofishi na kai kuka. Wani yaro mai ɗaurin wuya irin na ’yan boko, sa’anka, ya bar ni tsaye, ya ce Baba a yi haƙuri, kada a firgita masu zuba jari, ƙasashe da yawa suna zawarcinsu. Na ce to matan Kolokondé ’yan wace ƙasa ne? Ya duba agogo. Diyyar da aka ce, ta zo, amma hannun maza ta shiga, don sunan maza ne a kan filin. Matan da aka sare wa abinci ko tsinke ba su gani ba. A ranar na fitar da buhunan Mushe daga zaurena na jibge a bakin titi. Tun da aka kafa gidanmu ba a taɓa fitar da kayan baƙo ba. Ni na fara.

Ba a daɗe ba sai ga Alasan da ƙwaryar goro, an rufe da ganye. Ya ajiye a gabana. Kamfani yana son wani filin a ƙauyen Onklou, kuma can ma sunan gidanmu ake ji.

“Yaya, ka daina wannan fushin na tsofaffi. Itace ne fa. Kaju ma itace ne, ya fi kuɗi.”

“Kajun na wa?”

“Na ƙasa. Ci gaba ke nan. Ko so kake mu mutu muna auna kaɗanya da kwano?”

“Ɗauke goron nan daga gabana, Alasan.”

“In ba ka kai ba ni zan kai. Ubanmu ɗaya, sunan ba naka ne kai kaɗai ba. Kuma ka tuna inda Nasiru yake cin abinci.”

Ya fita ya bar ni da wannan. Hajara ta fito tana ɗingishi, ta zauna nesa da ni.

“Malam, ba na ce ka kai ba. Ka yi shiru kawai. Ka zauna a gidanka. Yaron nan yanzu ya fara ɗaga kai cikin sa’o’insa.”

Na so in yi shirun. Na yi kwanaki ina juya maganar. In na yi shiru, ba hannuna ne ya kai goro ba. Amma mutanen Onklou in sun ga Alasan, fuskar mahaifinmu za su gani, kuma ni na san abin da yake bayan goron. Na yi ta neman hanyar da zan tsira da kai da su gaba ɗaya, ban samu ba. Ran kasuwarsu na hau moto na tafi, hannuna wayam. Na ce a tara mini dattawa, a kira mata su ma. Suka yi mamakin ɗan fatoma ya zo ba goro. Na gaya musu abin da ya faru a Kolokondé daga farko har ƙarshe. Na ce ƙanena yana tafe, ku karɓe shi da mutunci, amma wanda ya aiko shi ba nawa ba ne, ba nasa ba ne, ba na kowa ba ne. In za ku ba da fili ku bayar, amma kada ku dogara da goro. Ku sa a ƙirga itacenku a gaban hukuma, a shafa musu fenti, a sa sunan mata.

Haka suka yi. Kun san abin da kamfanin ya yi? Ya yarda. Ko gardama bai yi ba. Aka karkata layuka, tarakta ta riƙa kewayawa. Ku je Onklou yau ku gani, kaju na nan, kaɗanya na tsaye a tsakiyarsa da jan fenti a gindi, mata na tsinta, magaza na cika, ba wanda ya gudu ya bar ƙasar. Wannan shi ne abin da har gobe yake hana ni sukuni. Ashe abin mai yiwuwa ne. Ashe itacen Kolokondé ba don dole aka tumɓuke su ba, don dai ba wanda ya ba da wahala ne. Gudoro bai gudu ba, tashar jirgi ba ta ƙaura ba, duk dalilan da Mushe ya lissafa mini suna nan daram. Ɗaya ne kawai ya ragu, kuma sun zauna ba shi.

Kai kuma aka sallame ka da ƙarshen wata, ba a faɗi dalili ba, kowa ya sani. Ka shigo ka ajiye rigar a kan tabarmata ka fita. Alasan ya zama babban wakilinsu, ya yi bene, muna gaisawa a jana’iza. Mushe an mayar da shi wata ƙasa, wani ya maye gurbinsa, shi ma mai fara’a. Kayan Kolokondé sun daina zuwa shagona. Wannan shi ne arzikin da ka ce na kora. Aikinka ya tafi ta dalilina, ban musa ba, kuma ya yi mini ciwo fiye da yadda kake zato. Amma da za a dawo da ni ranar, moton nan zan sake hawa.

Akwai abin da ba ku sani ba. Mutanen can ba sa shuka kaɗanya, sun ce Allah ne yake shuka ta, wanda ya dasa kuma ba ya cin ’ya’yanta saboda jinkirinta. Ni na roƙi Baba Zakari ɗan gefen gona a bakin rafi, na dasa. Sun yi ta kallona kamar mahaukaci. Duk shekara nakan je in cire ciyawa, in kewaye su da ƙaya saboda awaki, in ajiye goro a kan tabarma, in tashi in bar shi yadda na ajiye. Inna Adiza ta rasu ba ta karɓa ba. Bara ne ɗiyarta ta ɗauki ɗaya, ta ɓare, ta ci rabi, ta mayar da rabin kan tabarma.

“Sauran sai ranar da muka tsinci ’ya’ya a ƙarƙashinsu,” in ji ta.

Itacen yanzu da ƙyar suka kai kafaɗata, ni kuma gwiwata ta fara irin ta mahaifiyarku. Ba zan ga ranar ba. Saboda haka, Nasiru, kai ne babba. Ka gama dariyarka, ka koyi hanyar Kolokondé. Akwai rabin goro da gidanmu yake jira a ci, kuma kai za ka kai shi.